Tarihin Lionel Logue, Malamin Da Ya Koya Wa Sarkin Ingila Magana

A wannan karo na ɗauko tarihin wani bature ne mutumin Ostireliya wanda ya rasu tun 1953. Ba sarki ba ne, ba ɗan siyasa ba, ba kuma sojan da ya ci wata ƙasa da yaƙi ba. Sana'arsa ita ce gyara wa mutane magana. Sunansa Lionel Logue, amma idan za a faɗi sunan sai a ce Log, a ɗan ja wasalin. Kafin in shiga tarihin nasa ya kamata in faɗi abin da ya haɗa ni da shi, don kada mai karatu ya ce me ya kai Bahaushe tonon asalin wani bature.

Wasu shekaru da suka wuce, ɗana na biyu yana ajin farko na firamare a nan Ingila, sai ya dawo gida da takarda a cikin jakarsa. Makaranta ce ke neman izininmu a haɗa shi da wata ma'aikaciya da ke zuwa duba yara masu matsalar magana, saboda in'inar da yake yi. Na karanta takardar, na ninke ta, na jefa a durowa. A raina na ce duka-duka yaron nawa yake, zai daina da kansa. Amma gaskiyar magana tsoro ne ya hana ni. Ina tsoron a rubuta a fayil ɗinsa cewa yana da wata naƙasa ta bi shi har girma, ina kuma tsoron maganar ta fita cikin 'yan uwanmu na nan a riƙa nuna shi a wurin suna da walima. Mahaifiyarsa ta yi magana har ta gaji. Takardar nan ta kwashe zangon karatu guda a durowa. Abin da ya sa na sauko shi ne wata ranar Lahadi da Hajiya ta kira daga gida ta ce a ba ta mai gidanta su gaisa, sai yaron ya ruga ya shige banɗaki ya kulle. Ashe ya fi wata biyu yana gudun waya ban lura ba. Washegari na sa hannu a takardar.

A hirar da muka yi da wannan ma'aikaciya ne na fara jin sunan Logue, domin yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masu wannan sana'a a Birtaniya. Daga nan na shiga bin tarihinsa.

Haihuwarsa da tasowarsa

An haifi Lionel George Logue ranar 26 ga Fabrairu 1880 a birnin Adelaide da ke kudancin Ostireliya, kuma shi ne babba cikin 'ya'ya huɗu. Kakansa Edward Logue ya yi ƙaura ne daga Dublin ta ƙasar Ayilan ya kafa kamfanin giya a Adelaide, mahaifinsa kuma ya yi aikin akanta a kamfanin kafin ya koma riƙon otel. Wato dai shi ma jikan baƙi ne, kamar yadda jikokinmu za su zama a waɗannan ƙasashe. Ya yi karatu a makarantar Prince Alfred College daga 1889 zuwa 1896.

Da ya gama bai shiga jami'a ba. Sai ya kama koyon wani fanni da a yau ya kusa ɓacewa, wato fasahar furuci da gabatar da jawabi ko waƙa a gaban jama'a. A wancan zamani babu rediyo babu lasifika, saboda haka duk wanda zai tsaya gaban taro, limamin coci ne ko lauya ko ɗan majalisa, dole muryarsa ta kai ƙarshen zaure da kanta, kuma kowane harafi ya fita sarai. Wanda ya zauna gaban alaramma ana koya masa fitar da kowane harafi daga mafitarsa, da inda ake tsayawa a ja numfashi, zai gane irin horon da nake nufi. Malaminsa shi ne Edward Reeves, kuma a 1902 ya zama sakatarensa kuma mataimakinsa wajen koyarwa. A wannan shekarar ce mahaifinsa ya rasu. Bayan haka ya nufi yammacin ƙasar, ya yi aiki na ɗan lokaci a wata mahaƙar zinariya a Kalgoorlie, sannan ya zauna a birnin Perth. A can ya auri Myrtle Gruenert ranar 20 ga Maris 1907, suka haifi 'ya'ya maza uku, Laurie da Valentine da Antony.

Abin da ba a cika faɗa ba a tarihinsa shi ne cewa tun kafin ya san wani sarki, malamin makaranta ne. A Perth ya riƙa zagaya makarantu yana koya wa ɗalibai furuci da tsayuwa gaban jama'a, daga ciki har da Scotch College da makarantar koyon sana'a ta birnin, yana kuma shirya wasannin kwaikwayo. A 1911 shi da matarsa suka zagaya duniya, suka bi ta Amurka da Ingila, yana duba yadda ake koyar da wannan fanni a wasu wurare.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya sauya masa alƙibla. Sojojin Ostireliya sun dawo daga fagen fama a Turai, wasunsu babu rauni a jiki amma magana ta ɗauke, wasu sai raɗa, wasu kuma in'ina mai tsanani, duk saboda firgicin ruwan bama-bamai da suka kwana a ciki. Likitoci ba su da wani abin kirki da za su yi musu. Logue ya karɓi wasu daga cikinsu, ya riƙa koya musu numfashi daga ciki da sassauta jiki, yana haɗawa da raha da haƙuri, har wasu suka dawo suna magana. Bai yi karatun likita ba, ba shi da wata takardar shaida a wannan fanni, domin a lokacin fannin kansa bai gama tsayuwa da ƙafarsa ba. A hannun waɗannan sojoji ya koyi aikin.

A 1924, yana da shekara 44, ya kwashi iyalinsa a jirgin ruwa zuwa Landan. Duk wanda ya taɓa barin gida da girmansa, da mata da 'ya'ya, ya zo ƙasar da ba a san darajarsa ba, ya san abin da wannan ke nufi. Da farko koyarwa ya kama a makarantun Landan don a samu na cefane. A 1926 ya kama ɗaki a gida mai lamba 146 a titin Harley, titin da manyan likitocin Ingila ke da ofisoshinsu. Tsarinsa shi ne ya caji masu hali da kyau, kuɗin da ya samu kuma ya ba shi damar duba talakawa kyauta.

Haɗuwarsa da Yarima

Yanzu sai mu koma ga ɗaya mutumin. Yarima Albat, ɗa na biyu ga Sarki Joji na 5, an haife shi ranar 14 ga Disamba 1895. Bahago ne aka tilasta masa rubutu da dama, an kuma ɗaure masa ƙafafu da ƙarafa yana yaro don a miƙar da su, ga mahaifi mai zafi da tsawa. In'ina ta kama shi tun yana ɗan shekara bakwai zuwa takwas. Da yake ba shi ne magajin gado ba, da ya iya laɓewa, to amma ɗan sarki ba ya rasa taron da za a ce ya buɗe ko ya rufe. Sannan ga sabuwar fitina ta rediyo ta shigo, wadda ke kai muryar mutum gidajen miliyoyin jama'a tare da duk wata sarƙewa da ke cikinta.

Ranar 31 ga Oktoba 1925 aka ba shi jawabin rufe babban baje kolin daular Birtaniya a filin Wembley. A wannan baje koli ne, in ɗan yi ratse, aka gina wa ƙasashen Afirka ta Yamma wani sashe mai kama da ganuwar biranenmu na ƙasar Hausa, inda Najeriya da Gwalkwas, wato Gana ta yau, suka baje kayansu. Jawabin Yarima ya zama azaba gare shi da masu sauraro. Kalma ta maƙale, a yi shiru, jama'a na jira, shi yana fama. Kafin wannan rana an sha kai shi wurin masana daban-daban ba a dace ba, har ya fara fid da rai. Ga kuma wata tafiya a gabansa, domin an shirya zai je Ostireliya a 1927 ya buɗe sabon ginin majalisar ƙasar.

Ranar 19 ga Oktoba 1926 Yarima ya hau matakalar ɗakin Logue. A nan akwai abin lura. Logue bai yarda ya je fada ba, ya tsaya a kan cewa mai neman gyara shi zai zo inda mai gyaran yake, kamar kowa. A fahimtarsa, idan mutum bai tako da ƙafarsa ba to bai shirya yin aikin ba. Ni da na ɓoye takarda zango guda na ji wannan magana a jikina.

Logue ya duba shi, ya yanke cewa numfashinsa ne ba ya tafiya daidai da maƙogwaronsa, kuma ƙirjinsa da tsokar cikinsa ba su da ƙwari. Ya ɗora masa aikin kusan awa guda kullum: motsa jiki na numfashi, kurkurar maƙogwaro da ruwan ɗumi, tsayuwa a bakin taga a buɗe yana jan wasula ɗaya bayan ɗaya, da maimaita jimlolin karya harshe irin waɗanda yaranmu ke gasa da su a dandali. Abu mafi muhimmanci kuma, ya sa masa a rai cewa matsalar ba tawaya ba ce a hankalinsa, abu ne da ake iya aiki a kansa. Tsakanin Oktoban 1926 da Disamban 1927 sun zauna sau 82, duk da cewa kusan wata shida na wannan lokaci Yarima yana kan tafiya. Matarsa Elizabet takan raka shi, ta koyi darussan, ita ce kuma ta riƙa yi masa tilawa a cikin jirgin ruwa tunda Logue bai bi su ba. Ranar 9 ga Mayu 1927 ya buɗe majalisar a birnin Canberra, jawabin ya fita lafiya.

Da abin ya tsaya nan, da wataƙila ba mu san sunan Logue ba. Sai ga shi a Disamban 1936 yayansa Sarki Edwad na 8 ya ajiye sarauta saboda matar da ya nace zai aura, rawani ya faɗo kan mutumin da ya fi kowa gudun makirufo. Ya hau gado da sunan Joji na 6. Wannan shi ne Sarki Jojin da kansa ke jikin sulallan da kakanninmu suka kashe a Kano da Kumasi, kuma a ƙarƙashin tutarsa aka kwashi samarinmu zuwa yaƙin Bama. Shi ne mahaifin Sarauniya Elizabet ta 2, kakan Sarki Charles na yanzu.

Aka sake kiran Logue. Aikinsa a wannan mataki ya wuce darasin numfashi. Duk jawabin da aka rubuta wa sarki sai ya bi shi layi-layi da fensir, ya cire kalmar da ya san za ta maƙale ya sa wata mai ma'ana ɗaya, ya ja alama a inda za a tsaya a ja numfashi, sannan su yi ta gwaji. Haruffa irin su k da g suna cikin masu ba sarkin wahala, ga shi kuwa kalmar sarki da ta sarauniya a Turanci duk da sautin k suke farawa. An yi bikin naɗin ranar 12 ga Mayu 1937, Logue da matarsa suna cikin cocin Westminster, da dare kuma ya tsaya tare da sarki lokacin jawabin rediyo. Ana gobe bikin aka ba shi lambar girma ta gidan sarauta, aka kuma ɗaga darajarta a 1944.

Ranar 3 ga Satumba 1939 Birtaniya ta shiga yaƙi da Jamus, da ƙarfe shida na yamma sarki ya yi wa daular jawabi, Logue na tare da shi a ɗakin. Haka suka ci gaba a tsawon yaƙin. Shi Logue ban da wannan yana aikin sa-kai na gadin unguwa dare uku a mako lokacin da jiragen Jamus ke ruwan wuta a Landan. A Kirsimetin 1944 sarki ya ce zai yi jawabin shi kaɗai, Logue ya zauna a gida da iyalinsa ya saurara a rediyo kamar kowa. A ganina babu ranar da ta kai wannan daraja a duk aikinsa.

Sai dai kada a ɗauka sarkin ya warke sarai. Akwai hoton bidiyo na jawabin da ya yi a Glasgow a 1938, shekara goma sha biyu bayan fara zuwa wurin Logue, ana ganin yadda yake tsayawa yana kokawa da kalma. Har ya rasu in'inar ba ta bar shi gaba ɗaya ba. Abin da ya samu shi ne ikon tsayawa ya faɗi abin da zai faɗa duk da ita. Na daɗe kafin in yarda cewa wannan ma nasara ce, domin ni warkewa nake nema wa ɗana, irin ta zazzaɓi.

Daga titin Harley zuwa ajin firamare

To ina alaƙar wannan duka da matar da ke zuwa makarantar 'ya'yanmu da jakar hotuna da kayan wasa? A zamanin Logue kowa na iya kafa allo ya ce yana maganin in'ina, kuma 'yan damfara sun yi yawa. Shi kansa wasu likitoci kallon ɗan buga-buga suke yi masa, ga shi baƙo daga ƙasar da Ingilishi ke rainawa. Wannan ya dame shi. A 1935 yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masu gyaran magana ta Birtaniya. Akwai wata ƙungiyar kishiya wadda ta fito daga ɓangaren malaman furuci da wasan kwaikwayo, sai aka haɗe biyun aka samar da kwaleji guda a 1945 mai tsara horo da jarrabawa da rajista, Logue na cikin manyanta na farko. A 1948 Sarki Joji ya zama uban wannan kwaleji. Ita ce a yau ake kira RCSLT, bayan an ƙara mata lakabin sarauta a 1995. Logue bai rabu da yara 'yan makaranta ba, domin shi ne mai gyaran magana na makarantar Royal Masonic da ke garin Bushey.

Ba shi ya fara kai wannan aiki makarantu ba, kada a ba shi abin da ba nasa ba. Tun 1906 hukumar ilimi ta Manchester ta buɗe azuzuwa na musamman don yara masu in'ina. Amma abin ya zama wajibi ne bayan dokar ilimi ta 1944, inda ƙa'idojin da suka biyo bayanta a 1945 suka lissafa rukuni 11 na yaran da dole hukuma ta kula da su, har da masu matsalar magana. Wato a shekara guda aka samu doka mai neman ma'aikata da kuma kwalejin da za ta tantance su. A 1974 aka mayar da aikin ƙarƙashin hukumar lafiya ta ƙasa. A Amurka kuwa dokar tarayya ta 1975, wadda yanzu ake kira IDEA, ita ce ta wajabta wa makarantun gwamnati ba yara masu buƙata ta musamman irin wannan taimako kyauta. Wanda zai nema a Ingila sai ya tambayi speech and language therapist, a Amurka speech-language pathologist, 'yan uwanmu da ke Faransa da ƙasashen da ke amfani da Faransanci kuma orthophoniste suke cewa.

Aikin nasu a yau ya fi in'ina faɗi nesa ba kusa ba. Suna duba yaron da ke da tsamin baki bayan sa'o'insa sun wuce wurin, da wanda ya yi jinkirin fara magana, da wanda yake ji amma ba ya gane umarni mai tsawo, da mai raunin ji, da wanda aka haifa da tsagaggen leɓe ko ganɗa, da yara masu lalurar galahanga, har da masu wahalar haɗiyar abinci. Bincike a Ingila ya nuna kimanin yara biyu a ajin mutum talatin suna da wata matsala ta koyon harshe wadda ba ta fito daga rashin ji ko raunin basira ba, kuma yawancinsu ba a gane su, sai a ce ba sa mai da hankali. Ma'aikaciyar takan gwada yaro, ta zauna a aji ta kalle shi, ta tsara abin da malama da mataimakiyarta za su riƙa yi da shi kullum, ta kuma koya wa iyaye nasu rabon. Mu abin da aka ɗora mana shi ne minti biyar na wasa da yaron shi kaɗai, sau da yawa a mako, ba tambayoyi ba gyara, in rage saurin maganata, in bar shi ya ƙarasa kalmarsa da kansa, kada in ce masa ya nutsu ko ya sake faɗa. Ba a taɓa ba ni aiki mai kama da wasa da ya ba ni wuya kamar wannan ba.

Ilimi ya wuce inda Logue ya tsaya. Yanzu masana ba su ɗauki numfashi a matsayin tushen in'ina ba. An gano tana da alaƙa da yadda ƙwaƙwalwa ke tsara motsin magana, kuma tana bin jini, har an yi nazarin ƙwayoyin gado a wasu manyan iyalai a Pakistan da Kamaru. Ba tsoro ke kawo ta ba, ba laifin iyaye ba ne, ko da yake tsoro da tsangwama suna ƙara mata nauyi. Takan fara ne tsakanin shekara biyu zuwa biyar, yawancin yara suna barinta, kimanin mutum ɗaya cikin ɗari ne ke girma da ita, kuma maza sun fi yawa. Ba ta da alaƙa da linzamin harshe, saboda haka shawarar da wani kawuna ya ba ni cewa a kai yaron wurin wanzami idan mun zo hutu, da na bi ta da an zubar masa da jini a banza. Ɗaya daga cikin hanyoyin da ake bi da ƙananan yara a yau sunanta Lidcombe, sunan wata unguwa a Sydney, wato ita ma daga ƙasar su Logue ta fito.

Akwai wani batu da ya shafe mu kai tsaye. Wata malamar aji, da kyakkyawar niyya, ta taɓa ba mu shawarar mu daina yi wa yaron Hausa a gida wai harsuna biyu ne ke rikita shi. Mun fara bi, gidan ya koma kamar ofis. Mai gyaran maganar ce ta hana mu. Ta bayyana mana cewa jin harshe biyu ba ya haifar da in'ina ko jinkirin magana, kuma matsayin ƙungiyarsu shi ne iyaye su riƙe harshen da suka fi iyawa. Yaron da ke da matsala ta gaske za a gan ta a harsunan biyu, wanda kuwa Turanci ne kawai bai zauna masa ba, lokaci yake buƙata. Shi ya sa ake so a gwada yaro a harshen gida ma, ko da tafinta. Ni na zauna na yi mata bayanin cewa Bahaushe kan haɗa p da f, don kada ta lissafa abin da yaron ya kwaikwaya a bakina a matsayin cuta, na kuma nuna mata bambancin k da ƙ da d da ɗ, tana rubutawa. Na san gidaje a nan da aka yanke wa yara Hausa saboda irin waccan shawara, in'inar ba ta tafi ba, ga shi yanzu ba sa iya gaida kakanninsu.

Duk lokacin da na zauna a wannan ɗaki nakan tuna wani abokina na aji huɗu a firamare can gida. Idan aka zo karatu a bayyane ya maƙale, malam sai ya ɗauka iskanci ne ya sa masa bulala, mu kuma mu kwashe da dariya, har da ni. Ya fi mu duka iya lissafi. Bai gama aji shida ba.

Ƙarshen rayuwarsa

Ranar 8 ga Mayu 1945 da aka ci Jamus da yaƙi, Logue na fada lokacin jawabin sarki. Wata guda bayan haka, a watan Yuni, matarsa Myrtle ta rasu kwatsam bayan zaman aure na shekara 38. Mutuwar ta girgiza shi ƙwarai, har ya riƙa zuwa wurin masu da'awar magana da matattu. Ya bar babban gidansu na Sydenham ya koma ƙaramin wuri a tsakiyar Landan, ya ci gaba da ganin masu zuwa wurinsa. Ɗansa Valentine ya zama babban likitan tiyatar ƙwaƙwalwa a Landan, wato takardar da uban bai samu ba ɗan ya same ta.

Sarki Joji mashayin taba ne sosai. A Satumban 1951 aka cire masa huhu guda, jawabinsa na Kirsimetin wannan shekara ma sai naɗar sa aka yi guntu-guntu aka haɗa. Ya rasu ranar 6 ga Fabrairu 1952 yana da shekara 56. Matarsa ta rubuta wa Logue wasiƙa tana gode masa, tana nuna cewa taimakonsa bai tsaya ga maganar mijinta kaɗai ba, ya shafi rayuwarsa baki ɗaya. Logue bai daɗe ba bayansa, ya rasu a Landan ranar 12 ga Afrilu 1953 yana da shekara 73, saura 'yan makonni a naɗa Sarauniya Elizabet.

Bai rubuta littafi kan hanyarsa ba, bai kuma bar almajirai ba, kuma wannan aibi ne a wurin wanda ya so a tsaftace sana'ar. Sunansa ya kwanta har tsawon shekaru. Wani marubuci mai suna David Seidler, wanda shi ma ya yi fama da in'ina yana yaro, ya so ya yi fim a kansa, amma matar sarkin ta nemi a bari sai bayan ranta, ita kuwa ba ta rasu ba sai 2002 tana da shekara 101. Fim ɗin The King's Speech ya fito a 2010 ya ci kyautar Oscar huɗu. Ana gab da fara ɗaukarsa aka samu kundin ajiyar Logue da wasiƙunsa a hannun jikansa Mark, wanda ya fitar da littafi a wannan shekarar tare da Peter Conradi. Wanda zai kalli fim ɗin ya sani an matse shekaru a cikinsa, an kai haɗuwarsu kusa da lokacin hawan sarauta, alhali sun fara aiki ne shekara goma kafin nan.

A jikin gida mai lamba 146 a titin Harley akwai wani koren allo ɗauke da sunansa. A wani hutu da muka shiga Landan na bi da yaron ta wurin, lokacin yana sakandare. Har yau yakan maƙale idan ya gaji ko ya yi zumuɗi. Ya karanta mini abin da ke jikin allon da ƙarfi, ya tsaya a wuri ɗaya, na yi shiru har ya wuce, sannan muka gangara neman inda za mu ci abinci.